Babi na Huɗu: 'Yan Kwal na Montevideo da Mararrabar Kafanchan

Kafin a shimfiɗa layin dogo, mutanen Fantswam suna nan zaune a ƙasarsu, suna nomansu da farautarsu. Amma Kafanchan ɗin da aka sani yau, mai kasuwa da kwatas-kwatas da yare biyar a layi guda, jirgin ƙasa ne ya haife ta. Turawa sun taso da layin gabas daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal ɗin da aka gano a can, suka ci gaba da jan sa arewa har ya sadu da na Kaduna. A 1927 aka fitar da reshe daga Kafanchan ya hau tudun Jos don kwaso kuza, nan take garin ya zama mararraba. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, jirgi ya daina jiran fito a bakin Binuwai, zirga-zirga ta ƙaru. A 1933 Sarkin Jama'a da kansa ya dawo da fadarsa Kafanchan. Direbobi da masu zuba kwal da maƙera da akawuna suka cika garin, Inyamurai da Yarbawa da Hausawa da Tibi, ga Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro suna gangarowa neman aiki da ciniki.

Bature yana da wata ɗabi'a. Duk inda ya kafa loko a duniya, ba ya daɗewa sai ya share fili. Ya ware wa kansa wasan kuriket da tanis, ya jefa wa ma'aikata ƙwallo. A garin reluwe akwai abubuwan da ƙwallon ƙafa take so: samari masu albashi, lokacin tashi daga aiki tsayayye, da jirgin da zai kai su wani gari su kara da wasu. Shi ya sa idan aka bi salsalar tsofaffin ƙungiyoyin duniya, sau da yawa a bakin dogo ake tsayawa. Manchester United da yaranmu suke hana idonsu barci saboda ita, ma'aikatan reluwe ne suka kafa ta a 1878. Rosario Central ta Ajantina haka take, tun 1889. Amma wadda labarinta ya fi dacewa da mutumin Kudancin Kaduna ya saurara ita ce Peñarol ta ƙasar Uruguay.

Uruguay ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Kudu, an matse ta tsakanin Brazil da Ajantina. Mutanenta ba su cika miliyan uku da rabi ba, ko rabin jama'ar Jihar Kaduna ba su kai ba. Yawancin jiragen ƙasarta a wancan zamani suna hannun wani kamfanin Ingila mai suna Central Uruguay Railway. Kamfanin ya gina lokonsa da gidajen ma'aikata a wani ƙauye da ake kira Peñarol, kimanin kilomita 10 daga Montevideo, babban birnin ƙasar. Ran 28 ga Satumba, 1891, ma'aikata 118 suka taru suka kafa ƙungiyar wasa: 72 'yan Birtaniya, 45 'yan ƙasa, sai Bajamushe ɗaya. Suka raɗa mata suna Central Uruguay Railway Cricket Club, aka taƙaita shi CURCC, kuma shugabanta na farko shi ne Frank Henderson, babba a kamfanin. Launin rigarsu baƙi da rawaya, sun ɗauko shi daga Rocket, kan jirgin nan da ya yi suna a farkon tarihin reluwe a Ingila.

Kuriket suka taru don su yi, kamar yadda sunan ya nuna. Shekara guda kawai aka yi ƙwallon ƙafa ta shigo, ba a daɗe ba ta ture kuriket gefe. A 1900 CURCC tana cikin ƙungiyoyi huɗu da suka kafa gasar ƙasar, ita ce kuma ta ɗauki kofin farko. A shekarar ne ta fara karawa da Nacional, ƙungiyar da ɗaliban birni 'yan ƙasa suka kafa a 1899 don su nuna wa baƙi cewa ƙwallo ba gadon Ingila ba ce. CURCC ta ci 2 da nema. Gabar da aka ƙulla ranar tana nan da ranta har gobe. 'Yan birni suka riƙa yi wa 'yan reluwe ba'a da sunan 'yan kwal, su kuwa suka karɓi sunan suka rungume, har yau da shi suke kirari.

A 1909 wani ma'aikacin reluwe ɗan Sukotilan, John Harley, ya shigo ƙungiyar da salon gajeriyar ba-ni-in-ba-ka a ƙasa, maimakon a daka ƙwallo sama kowa ya bi ta da gudu. Ya haɗu da José Piendibene, suka zama abin kallo. 'Yan kallo suka yi ta ƙaruwa, kuma daga nan rigima ta taso.

Kamfani bai kafa ƙungiya don ta zama ta jama'a ba. Ya kafa ta ne don ma'aikata su motsa jini su koma bakin aiki. Sai ga dubban mutane suna cika taragai ranar wasa, in an ci su fasa gilashi don murna, in an sha kashi su fasa don haushi. 'Yan wasa kuma ma'aikata ne, suna fashin aiki saboda atisaye. A 1907 sabon manajan kamfanin, Charles Bayne, ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar, abin da ya zama al'ada ga duk wanda ya hau kujerarsa. Aka yi shekaru ana ja-in-ja. Kamfani yana son ya rabu da ƙaya, 'yan ƙasa masu goyon baya suna son a ba su ƙuri'a da ta cewa, alhali dokar ƙungiya ta fifita ma'aikatan reluwe. Ran 13 ga Disamba, 1913, ɓangaren ƙwallon ƙafa ya fice daga hannun kamfani ya koma hannun mambobi. A Maris na 1914 aka tabbatar da sabon suna, Club Atlético Peñarol. Abin da ya rage na CURCC ya watse a 1915.

Magoya bayan Nacional sun kafe har yau cewa Peñarol a 1913 aka haife ta, ba a 1891 ba, don su ce tasu ce babbar yaya. An rubuta littattafai a kan wannan gardama, lauyoyi da malaman tarihi sun sa baki, ba ta mutu ba. Ni dai a ganina, ko wace shekara aka ɗauka, ranar 1913 ita ce ranar da ta fi muhimmanci. Da ƙungiyar ta zauna a inuwar kamfani, da ta bi shi kabari. Gwamnatin Uruguay ta karɓe jiragen daga hannun Turawan Ingila a 1949, harkar ta yi ta ja da baya, har aka dakatar da jigilar fasinja a 1988. Lokon Peñarol ya zama wurin tarihi. Ƙungiyar kuwa a lokacin ta riga ta ɗauki kofin nahiya sau biyar.

Tsarin da suka koma ba wani abin mamaki ba ne. Mutum ya yi rajista, ya riƙa biyan kuɗin wata, a ba shi kati. Idan lokacin zaɓe ya zo, masu kati su zaɓi shugaba da 'yan kwamiti, in ba su gamsu ba su kayar da su a zaɓe na gaba. Mahauci da lauya kowa ƙuri'a ɗaya. Uba yakan yi wa jaririnsa rajista tun yana cikin zanen goyo. Ba gwamna, ba kwamishina, ba wani attajiri guda da zai wayi gari ya ce ya gaji.

Da ƙofa ta buɗe wa kowa, sai 'ya'yan talakawa suka shigo, cikinsu har da baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Isabelino Gradín ya fara buga wa Peñarol a 1915. A 1916, a gasar ƙasashen Amurka ta Kudu ta farko, Uruguay ta lallasa Chile da ci 4 da nema, Gradín ya zura biyu. Sai Chile ta kai ƙara wai Uruguay ta sa 'yan Afirka a wasa, tana nufin shi da Juan Delgado. Aka nuna musu cewa duka biyun haifaffun Uruguay ne, ƙara ta bi ruwa. Gradín ya gama gasar a matsayin wanda ya fi kowa cin ƙwallo, kuma a tseren mita 200 da 400 ma zakaran nahiyar ne. Ya mutu a 1944 cikin talauci, wannan ma yana cikin tarihin, kada a ɓoye.

Wanda ya fi shi suna shi ne Obdulio Varela, ɗan tsakiya, kyaftin, shi ma mai jinin Afirka, wanda ya taso yana sayar da jarida a titi. A 1948 'yan wasan Uruguay suka shiga yajin aiki na kusan wata bakwai, suna neman a san da ƙungiyarsu ta ƙwadago kuma a daina sayar da su kamar awaki ba da saninsu ba. Varela yana kan gaba, ya koma aikin birkila don ya ci da iyalinsa. Wanda ya san tarihin Michael Imoudu, ma'aikacin reluwe da ya ja ragamar babban yajin aikin Nijeriya na 1945, ba zai yi mamakin irin taurin kan da ke fitowa daga bakin dogo ba. Da aka koma fili a 1949, Peñarol ta haɗa wata tawaga da ta ɗauki kofin ƙasa ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ita ce ta zama ƙashin bayan tawagar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 1950.

Ran 16 ga Yuli, 1950, a filin Maracanã na birnin Rio, mutum kusan 200,000 sun cika maƙil. Kunnen doki kawai Brazil take buƙata ta ɗauki kofi, jaridu sun riga sun naɗa ta zakara tun kafin a busa usur. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Friaça ya ci wa Brazil, fili ya ɗauki ruri kamar zai tsage. Varela ya taka a hankali ya shiga raga, ya ɗauki ƙwallon ya saƙale ta a hammata, ya nufi mai ɗaga tuta yana gardamar cewa an yi satar gida. Alƙalin wasa Baturen Ingila ne, ba ya jin Sifaniyanci, shi kuma ba ya jin Turanci, aka tsaya ana nuni da hannu. Ya san ba za a soke cin ba. So yake wutar ta lafa. Kafin ya ajiye ƙwallon a tsakiya, ihun murna ya koma na ƙosawa. A minti na 66 Ghiggia ya tsere ta gefen dama ya miƙo wa Schiaffino ya farke. A minti na 79 Ghiggia ya sake tserewa, mai tsaron gida Barbosa ya zaci zai sake miƙawa ne, ya ɗan matso, shi kuwa ya soka ta ta lungun kusa. Kyaftin ɗin, da masu cin ƙwallayen biyu, da mai tsaron gida Máspoli, duk 'yan Peñarol ne.

Abin da ya biyo baya jerin kofuna ne. Peñarol ce ta fara ɗaukar Copa Libertadores, kofin zakarun nahiyar, a 1960, ta maimaita a 1961, ta doke Benfica ta zama zakaran duniya. Ɗan gabanta Alberto Spencer, baƙar fata ɗan Ecuador, ya ci ƙwallo 54 a gasar, har yau ba wanda ya kamo shi. A wasan ƙarshe na 1966 a Santiago, River Plate ta Ajantina tana gaba da ci 2 da nema, Peñarol ta farke ta kuma ci 4 da 2 bayan ƙarin lokaci. Tun daga nan abokan hamayya suke kiran 'yan River kaji. A shekarar ta doke Real Madrid 2 da nema a Montevideo, ta bi ta har gida ta ƙara mata 2 da nema. A 1982 ta sake ɗauka, ta casa Aston Villa a Tokyo. Na biyar ya zo a 1987, Diego Aguirre ya ci América de Cali ana daƙiƙoƙin ƙarshe na ƙarin lokaci.

To, mu dawo gida. Mu ma mun yi tamu ƙungiyar reluwe, kuma ba ƙarama ba. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Challenge Cup, Railways ta Legas ce dodon gasar. Ta ɗauka a 1946, 1948, 1949 da 1951, ta ci gaba har ta tara bakwai, na ƙarshe a 1964. Teslim Balogun, da ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa, ya sa rigarta, yana kuma cikin tawagar Nijeriya da ta je Ingila a 1949, wadda yawancin 'yan wasanta suka buga ba takalmi. Ma'aikatar reluwe tana ɗaukar ɗan wasa aiki, ta ba shi albashi da gida, ya buga mata ƙwallo. A lokacin da Varela yake riƙe da ƙwallo a hammata, Railways ta Legas ita ce Peñarol ɗinmu. Yau a tambayi matashi a gidan kallo a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi, da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunanta. Ba ta taɓa yin nata 1913 ba. Ta zauna a matsayin sashe na ma'aikata, da ma'aikatar ta kwanta, ita ma ta kwanta.

Ba ita kaɗai ba. Ranchers Bees ta Kaduna da sunan DIC Bees ta fara, ƙungiyar masana'antar ƙera kayan soja, kafin Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta. Ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989, daga cikinta Daniel Amokachi ya fito ya tafi Beljiyam. Daga baya ta ɓace daga babbar gasa. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka a 1990, ta yi zakaran ƙasa a 1994, da kamfanin siminti ya shiga halin ni-'yasu sai zakin ya zama kyanwa. Leventis United da Abiola Babes suna tsakiyar tashe masu su suka rufe su. Raccah Rovers ta Kano, zakarun 1978, sai a bakin dattawa. Kaduna United ta gwamnatin jiha ta doke Enyimba ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010, bayan 'yan shekaru ta faɗo daga rukunin manya. Ko Kano Pillars, da ta fi kowace ƙungiya a Arewa magoya baya na gaske, masu cika filin Sani Abacha tun rana tana tsaka, ta gwamnati ce tun kafa ta a 1990, kuma shugabanninta naɗa su ake yi. Dubban da ke kashe murya dominta ba su da ƙuri'a ko ɗaya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada mai karatu ya ɗauka Peñarol aljanna ce. Tun 1987 ba ta sake ɗaukar kofin nahiya ba. Ta kai wasan ƙarshe a 2011, Santos ta Neymar ta hana ta. Ƙasar ƙarama ce, kuɗin talabijin kaɗan ne, dole take sayar da 'ya'yanta tun ba su gama nuna ba. Federico Valverde yana ɗan shekara 18 ya tafi Real Madrid a 2016. Darwin Núñez ya bar ta a 2019, ya bi ta Sifaniya da Fotugal ya isa Liverpool. Akwai bashi, akwai siyasar cikin gida mai zafi, akwai 'yan daba a cikin magoya baya da sukan jawo a rufe mata fili. Bambancin shi ne kuɗin Valverde asusun ƙungiya suka shiga, kuma akwai taron mambobi da zai tambayi inda aka kai su. Mu kuwa yaro zai tashi daga Kagoro ko Kachia, wani dillali ya ɗauke shi, unguwar da ta raine shi ko ƙwallo ɗaya ba za ta gani ba. Fiye da shekara ɗari Peñarol tana buga manyan wasanninta a filayen da ba su isa ba ko na aro, musamman filin Centenario. A Maris na 2016 ta buɗe nata, mai cin mutum 40,000, da rancen banki da kuɗin kujerun da magoya baya suka saya. Diego Forlán, wanda ya ci Nijeriya a gasar zakarun nahiyoyi ta 2013, shi ya zura ƙwallon farko a ciki.

Kudancin Kaduna ba ta rasa komai daga kayan haɗin ba. Akwai filin wasa na gari a Kafanchan. Akwai ɗalibai a Gidan Waya da reshen jami'ar jiha. Akwai gasannin unguwanni da na ƙauyuka da ake yi lokacin Kirsimeti da hutun Sallah, inda ake cika fili har kan bishiya. Akwai kuɗin citta. Akwai kuma al'adar ƙungiya: wannan yanki ne da kowace ƙabila take da ƙungiyar ci gaba mai tsarin mulki da ma'aji, kowace coci da zumuntar mata mai littafin kuɗi, kowace kasuwa da adashi. Mutanen da suka iya gina makaranta da karo-karo ba za a ce ba su iya riƙe ƙungiyar ƙwallo ba. Kuma a Kafanchan, garin da ya sha ɗaci tun rikicin 1987, riga guda da Musulmi da Kirista za su saka ranar Asabar ba ƙaramin abu ba ce. Duk da haka babu ƙungiya ko ɗaya daga yankin a babbar gasar ƙasa, kuma kuɗin da matasa suke biya kowane mako a gidajen kallo don Arsenal da Chelsea, a man janareta da kuɗin DStv suke ƙarewa.

Ga 'yan kasuwar citta, da tsofaffin 'yan reluwe da 'ya'yansu, da masu gidajen kallo, da malaman wasanni na makarantu: idan za a kafa, kada a fara da rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takardar neman tallafi, kuma kada a sa wa ƙungiyar sunan ɗan takara. A sayi littafin rajista da na rasit, a yanka kuɗin wata daidai da abin da ɗan acaɓa zai iya biya, a rubuta ranar zaɓe a cikin tsarin mulki tun kafin a sayi riga.